Adawiyya Mai Kashe Inji

A Unguwar Rogo, idan baƙo ya tambayi inda ake niƙa, sai a tambaye shi ko sauri yake yi. In ya ce e, a nuna masa shagon bakin titi. In ya ce shi dai gari mai laushi yake so, sai a ce ya bi lungun masallaci ya je wurin Adawiyya mai kashe inji.

Daga yadda take aiki sunan ya fito. Duk mai injin niƙa ya san tayarwa ita ce wahala. Sai an zura mariƙin ƙarfe, an sunkuya, an yi ta murɗawa har kafaɗa ta ɗauki zafi kafin ya kama. Shi ya sa in an tayar da safe ba a kashewa sai kwanuka sun ƙare. Ita kuwa Adawiyya kwano uku take niƙawa ta kashe. Sai ta miƙe, ta juya wajen ƙofar da ta haɗa shagon da tsakar gidanta, ta ɗaga murya ta ce, "Jamila!" Daga ciki wata ƙaramar murya ta amsa, "Na'am, Inna!" Sai ta sake sunkuyawa ta kama mariƙin. A yini ɗaya takan yi haka sau ashirin, ranar biki ma ya fi. Kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu kauri, har mai yi mata ɗinki ta lura.

Injin na mijinta ne, Sa'ad. Shi ya kafa shi a shagon da ke jikin zaurensu, shekarar da aka haifi 'yarsu ta fari, Zulaihatu. Shekara huɗu ke nan da ya rasu bayan jinyar wata biyu, ya bar ta da Zulaihatu, da Anas mai shekara biyu, da Jamilatu tana goye. Da ta fita takaba dangi suka ce a sayar da injin, ko a ba wani haya. Ta ce a bar ta ta gwada. Ranar farko mariƙin ya dawo da baya ya daki wuyan hannunta, ta yi mako guda tana ɗaure shi da tsumma. Bayan nan ta san lokacin da ake zare hannu. Ta koyi gane shinkafar masa da ta jiƙu daga wadda aka ɗebo da gaggawa, ta koyi wanke bakin inji sau biyu bayan markaɗen tarugu kafin ta zuba geron kunun jarirai. Kwanuka ashirin za su jeru ba suna ba alama, ta san na kowane gida daga murfi ko daga tsumman da aka ɗaure.

Ta kuma koyi tsoron bel. Wata doguwar roba ce mai faɗin tafin hannu, tana gudu a fili tsakanin injin da abin niƙan, kuma duk ƙyallen da ya taɓa ta ya tafi. Saboda haka Adawiyya ba ta sa hijabi a shago. Tsohuwar rigar Sa'ad take sawa, ta yanke hannuwan, ta ɗaure ɗankwali tam ta cusa jelarsa. Hijabinta yana rataye a ƙusa, sai za ta fita. Na yaran kuma, duk wanda ta sayo, kafin su sa sai ta zauna da reza ta farke ɗinkin ƙarƙashin haɓa, ta mayar da shi da zare ɗaya, ɗinki huɗu ko biyar, yadda in an fizga zai rabu. A ƙofar cikin gida ta gicciye wani katako mai tsayin gwiwa. Yaran sun san muddin inji yana kuka ba a ƙetare shi.

Kashe injin kuwa daga baya ya zo. Wata Talata da damina, shekara guda bayan rasuwar Sa'ad, Anas ya tashi da zazzaɓi. Ta ba shi magani, ta kwantar da shi a ɗaki, ta ce bari ta gama shinkafar wani gidan suna ta dawo. Aikin ya ɗauki minti arba'in. Da ta kashe injin ta ji gidan shiru, ta zaci barci ya yi. Ta same shi a bakin ƙofar ɗaki, jikinsa ya sanƙare. A asibiti ya cika kafin magariba. Bayan kwana biyu wata maƙwabciya, cikin ta'aziyya, ba da wata manufa ba, ta ce ta ji shi ta katanga yana kiran Inna, sau biyu ko uku, sai ta ɗauka an je masa. Ba wanda ya ce laifin Adawiyya ne. Ita ma ba ta taɓa faɗa da bakinta ba. Washegarin sadakar bakwai ta buɗe shago, ta niƙa kwano uku, ta kashe.

Haka ta yi shekara uku. Wasu masu kawo niƙa sun gaji sun koma shagon bakin titi. Waɗanda suka zauna sun saba, har sukan yi shiru su ma idan ta kira, su jira amsar.

A bazarar bana ne saƙon Gidaɗo ya zo. Gidaɗo yayan Sa'ad ne, manomin shinkafa da albasa a wani ƙauye da ke bakin fadama ta wajen Kware. Ba mugun mutum ba ne, kowace kaka yakan aiko da gero. Amma da sallar da ta wuce matarsa ta ga hijaban yaran da ɗinki a sake, ta koma ta ce masa marayun ƙanensa suna yawo da yagaggun kaya, uwarsu kuma tana yini cikin rigar maza a gaban mutane. Ranar Lahadi ya kira a waya. Bayan gaisuwa ya ce sun yi shawara a gida, ranar Juma'a zai zo ya ɗauki Jamilatu, matarsa ta riƙe ta. Zulaihatu ta zauna tunda tana makaranta.

Adawiyya ta ce, "To, Baffa." Ba ta san wata amsa da ake ba yayan miji ba.

Da yamma ta hau babur ta je Ƙofar Rini wurin mahaifiyarta. Tsohuwar ta saurara, ta ce, "Ɗiyansu ne, Adawiyya. Ki yi haƙuri, ba nisa za a kai ta ba." Ta dawo ba ta ci abinci ba. Litinin ta share shagon sau biyu, ta ƙona tuwo. Talata ta yi wa Jamilatu kitso, ta kwance, ta sake yi. Ta ɗauko jakar leda za ta zuba kayan yarinyar, ta mayar da jakar ƙarƙashin gado. A cikin kwanakin nan kwano biyu take niƙawa ta kashe, wani lokaci ɗaya. Abin da take ta juyawa a ranta shi ne, in Gidaɗo ya zo ya ga gida tsaf, ya ga yarinya tsaf, ya ga aiki yana tafiya kamar na kowa, wataƙila ya fasa.

Bai jira Juma'a ba. Laraba da hantsi, Zulaihatu tana makaranta, Adawiyya tana wanke bakin inji, sai ta ji sallamarsa a tsakar gida. Ta fizgo hijabinta daga ƙusa ta shiga, ta durƙusa.

"Innar Zulai, kun kwan lahiya?"

"Lahiya lau, Baffa. An zo lahiya? Ya mutanen gida?"

"Suna gaishe ki. Albasa na kawo kasuwa, na ce bari in biyo in ga ɗiyana."

Ya zo da rabin buhun gero a bayan babur, da wata baƙar leda. Daga ledar ya fito da hijabai biyu sababbi, ruwan toka, masu kauri. Ya kira Jamilatu ya zura mata ƙaramin da hannunsa. Ya sauko mata har idon sawu. Yarinyar ta yi ta juyi tana kallon yadda yake buɗewa.

"Yauwa," in ji Gidaɗo. "Haka ɗiyar mutane take fita."

Idon Adawiyya yana kan ɗinkin haɓar. Layi biyu ne na keke, an danne shi sosai. Ta yi godiya. A ranta ta ce da ya tafi za ta farke. Ba a cire wa yaro kyautar baffansa a gaban baffan.

Gidaɗo ya ce a niƙa wa yara geron tunda ga inji. Ya ɗaga katakon ƙofa ya jingine shi da bango don ya ja buhun zuwa shago. Ta ga ya jingine shi. Ta ce a ranta, in na yi kashewar farko sai in mayar.

A shago mutum biyar ke jira. Ta gaba ita ce Hajiya Hauwa'u mai masa, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa tana kawo niƙa, da bokitai uku na jiƙaƙƙiyar shinkafa. Gidaɗo ya ja benci ya zauna ta bakin ƙofar titi, inda iska ke ɗan shigowa, don kwanon rufin ya riga ya fara gasa mutane. Adawiyya ta rataye hijabinta tana jin idonsa a kan rigar ƙanensa. Ta kama mariƙi.

"Dakata," ya ce. Ya rage murya, amma kowa ya ji. "Mi ne ne wanga nika ji? Wai kwano ukku kika niƙawa ki kashe, ki tsaya kina kiraye-kiraye. Mutane na magana. Wasu sun ce tun da yaron nan ya tahi hankalinki bai dawo daidai ba. Ni ban ce ba. Amma shi ya sa munka ga a rage miki nauyi."

Hajiya Hauwa'u ta gyara zama ta ce, "Malam, in kuna da hira ku yi bayan masa. Ƙulluna ba ya jiran dangi."

Aka yi dariya kaɗan. Adawiyya ta sunkuya. Ta murɗa, injin ya yi tari sau biyu ya kama.

Bokitin farko ya wuce, na biyu ya wuce. Da na uku ya ƙare hannunta ya tafi da kansa wajen makashin injin, sai ta janye shi ta ɗauki kwanon dawa na gaba. Hajiya Hauwa'u ta ɗago ta dube ta. Adawiyya ta kawar da kai.

Kwano na huɗu. Na biyar. Gumi yana bin bayanta yana jiƙa rigar. Ta sani Jamilatu lafiyarta ƙalau, ta ci ɗumame, tana wasa da murafen kwalba a gindin darbejiya. Ta faɗa wa kanta haka sau da yawa. Duk da haka kunnenta yana ta laluben wani abu a ƙarƙashin ƙarar, kuma ba abin da ke ƙarƙashin ƙarar sai wata ƙarar. Ta saci kallon Gidaɗo. Ya juya yana magana da wani mai kayan miya a waje, yana nuna wani abu da hannu. Ta ce bari in kai goma, ya ga ina iyawa.

Hajiya Hauwa'u ba ta tafi ba ko da yake ƙullunta ya gama. Ta matso ta yi ihu a kunnenta, "Ke, yau injinki ya warke?"

Adawiyya ta yi murmushin da bai kai ko'ina ba, ta juye kwano na takwas.

A kwano na tara ne ta ga bakin tsohuwar ya buɗe, ba ta ji abin da ya fito ba. Ta waiwaya. Jamilatu ta riga ta shigo, ta bi ta bayan buhun gero, tana miƙo hannu za ta kama zanen uwarta. Iskar bel ta ɗaga jelar sabon hijabin, ta lasa sau ɗaya, ta kama.

Sandar ture bel tana jingine inda take kullum, dab da ƙafar Adawiyya ta hagu. Ba ta tuna ɗaukarta ba. Ta dai san ta zura ta ta danna da dukan nauyinta, bel ɗin ya yi tsalle ya faɗi ƙasa yana murɗewa, injin ya ɗauki kururuwa ba kaya a kansa. Ta kai hannu ta kashe shi.

Jamilatu tana durƙushe a kan gwiwoyinta. Hijabin ya naɗe sau biyu a jikin ƙarfen da bel ke juyawa, ya ja kanta ƙasa har tsakanin goshinta da ƙarfen bai fi faɗin hannu ba. Ɗinkin haɓa ya shige cikin wuyanta. Ba ta kuka, don ba ta da numfashin yi.

Gidaɗo ne ya iso na biyu. Ya sa yatsunsa na manomi ya ja ɗinkin, bai rabu ba. Ya sake ja, bai rabu ba. Sai ya zaro wuƙar yankan albasa daga aljihu ya tsarge shi. Yarinyar ta ja iska da ƙarfi, ta yi tari, sannan kukan ya zo. Hajiya Hauwa'u tana ta salati. Adawiyya ta zauna daɓas a cikin garin da ya zube, ta ɗora 'yar a cinya tana duba wuyan. Jan layi ne daga kunne zuwa kunne, fata ba ta fashe ba. Ta sa ta ta juya kai dama da hagu, ta sa ta ta haɗiye ruwa. Ta haɗiye.

Da kukan ya lafa Jamilatu ta ce, "Inna, ba ki kira ni ba. Ina ta cewa na'am, ina ta cewa na'am, ba ki ji ba. Shi ne na zo in faɗa miki."

Daga titi ana jin mai ruwan sanyi yana tallarsa.

Gidaɗo ya mayar da wuƙar aljihu. Ya ce, "Kin gani ko? Abin da nika gudu ke nan."

"Kai Malam, tsaya," in ji Hajiya Hauwa'u. "Shekara nawa nika kawo shinkafa nan, ban taɓa ganin ɗiyar nan ta taka shagon ga inji na kuka ba. Akwai katako ga ƙofar can. Ina ya tahi?"

Gidaɗo ya dubi ƙofar. Katakon yana jingine inda ya ajiye shi.

Adawiyya ta miƙe da yarinyar a kafaɗa, ta shiga gida, ta dawo da tsohon hijabin Jamilatu daga kan igiya, shuɗi, ya koɗe. Ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baffa, ja nan."

Ya kama haɓar da yatsa biyu ya ja kaɗan. Zaren ya tsinke, hijabin ya buɗe. Ya tsaya yana kallon ɓangarorin biyu a hannunsa.

"Ni nika farke su," ta ce. Kanta yana ƙasa. "Ba yagewa sunka yi ba. Wanda ka kawo ma na so in farke, na ji kunya. Katakon na ga ka ɗauke, na ce sai na kashe inji in mayar. Injin kuma na ji kunyar kashewa, don kada ka ce ba ni da hankali. Duk laifina ne." Ta gyara yarinyar a kafaɗa. "Ranar Anas ban kashe ba. Yau ban kashe ba. Sau biyu ke nan. Ba za a yi na ukku ba, Baffa, ko wa ke zaune bisa bencin nan."

Shi ne karo na farko da ta ambaci sunan yaron a gaban wani daga dangin mijinta tun ranar da aka binne shi.

Gidaɗo ya ja da baya. Ya koma ya zauna a benci da tsohon hijabin a kan gwiwarsa. Masu niƙa suka fara tattara kwanukansu a hankali, ba wanda ya tafi. Can ya tashi ya sunkuya wajen injin, ya warware yankakken hijabin daga ƙarfen, ya ɗauki bel ɗin ya duba shi tsawonsa kamar yadda yake duba na injin ban ruwansa, ya mayar da shi mazauninsa. Sannan ya je ya ɗauki katakon ya gicciye shi a ƙofa, ya taka shi da ƙafa ya ga ya zauna.

Ya wanke hannu a randa. Ya tsaya a bakin ƙofar titi yana neman makullin babur a aljihun da ba ya ciki.

"Na Zulai yana cikin leda," ya ce, bai juyo ba. "Ki farke shi kafin ta dawo ta gani, in ba haka ba sawa za ta yi."

"To, Baffa." Ta jira. Bai ƙara ba. Sai ta tambaya, don ba za ta iya kaiwa Juma'a ba tare da sani ba. "Maganar jibi fa?"

"Jibi ina da ban ruwa." Ya samu makullin. "Ita wannan, in an kai ta can, wa zai riƙa kiran ta sau ashirin? Mu ba mu da lokacin. Ki riƙe abinki. Na gida ni zan yi musu bayani."

Ya shafa kan Jamilatu, ya dubi jan layin wuyanta, ya kawar da ido. Ya tayar da babur ya bi lungun masallaci.

Adawiyya ta kai yarinyar gindin darbejiya, ta shafa mata man kaɗanya a wuya, ta tattaro mata murafen kwalbarta. Ta tsaya a kanta har sai da Jamilatu ta ce, "Inna, ki tahi, mutane na jira." Ta ƙetare katakon ta koma shago. Sai da ta murɗa sau uku kafin injin ya kama.

Hajiya Hauwa'u ta ɗora bokiti a ka tana gunaguni, wai yau masar rana za a ci a unguwar nan, kuma duk wanda ya tambaya za ta ce ya je Kware ya tambayi mai albasa.

Dawar gidan liman ce ta farko, sai masarar Malama Monica, sai geron da Gidaɗo ya kawo, tiya ɗaya. Ta kashe.

"Jamila!"

"Na'am, Inna!"

Ba ta sunkuya nan take ba. Ta ɗan ƙara tsayawa da fuskarta wajen ƙofar, kamar yadda take yi kullum bayan an amsa, numfashi biyu ko uku. Kamar tana sauraron wata murya ta biyu. Sannan ta kama mariƙin.